Auna Wutar Tukuna, Ɗana

Ɗana Kabiru, Saƙonka ya iso ni, hotunan da ka turo kuma na dube su ɗaya bayan ɗaya, har sai da na sa ƙanwarka ta buɗa mini na bayan fanel ɗin don in gani da kyau. Na ji daɗin yadda ka ɗora ranka a kan waɗannan tsofaffin kwamfutoci. Ba kowane saurayi mai gyaran waya ne zai ware kuɗinsa a aiko masa da Commodore 64 da ZX Spectrum da Amiga 500 tun daga Ingila ba, don kawai ya ga yadda aka faro abin da yake ci da shi yau. Amma akwai magana, kuma gara ka ji ta daga bakin baffanka. A dogon bayanin da ka rubuto ka ambaci memori ba adadi, ka faɗi aisin da ka cire da wanda ka mayar, ka faɗi katin ƙarin memori da kake shirin saye, amma ban ga layi ɗaya da ka ce ka ɗora mita a kan wutar da ke shiga injin ba. Abin da ya dame ni ke nan. Kana da mita a shago, kullum tana hannunka in an kawo maka waya mai gardama. Me ya sa da aka zo kan na'urar da ta girme ka sai ka bar ta a aljihun tebur?

Mu fara da Commodore, tunda ita ta fi shan wuya a hannunka. Ka ce ranar farko ta tashi lafiya lau, shuɗin allon nan ya fito da rubutunsa, ka ga lambar 38911 da ke nuna memori ya cika, ka bar ta a kunne tun la'asar har bayan isha'i. Kashegari haruffa suka fara rikicewa, kwana ɗaya bayan nan allo ya yi baƙi ƙirin. Sai ka yanke cewa memori ne, ka zare aisi huɗu, ka dasa wasu, ka sake jona ta da baƙin akwatin wutar da ta zo da shi. Ta yi ɗan lokaci ta sake mutuwa. Ban ce ka yi kuskure da ka zargi memori ba, mai yiwuwa ma shi ɗin ne ya lalace. Tambayar da ka tsallake ita ce: me ya lalata shi? Ka yi wa majinyaci magani, sannan ka ɗebo masa ruwa daga rijiyar da ta kwantar da shi.

A shekarar 1982 wannan kwamfuta ta fito. Akwatin wutarta yana ba da wuta iri biyu, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. Shi bolt 9 ɗin, a tsofaffin fanel irin naka, sai ya shiga ciki an tace shi an daidaita, daga nan ake samar da bolt 12 na aisin hoto da na sauti. Bolt 5 kuwa daga akwatin kai tsaye yake wucewa zuwa ƙafafun memori da ƙwaƙwalwar injin da sauran aisi, ba abin da ke tsaye a tsakani. Abin da akwatin ya bayar, shi za su sha. A cikin akwatin akwai taransifoma, da kafasita, da ƙaramin regileta da ke riƙe wutar a kan bolt 5, kuma yawancinsu an malale cikinsu da wani danƙo mai taurin dutse, ba a buɗe su, ba a gyara su, zafi ma da ƙyar yake fita. Waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafin zai kai shekara arba'in yana aiki ba. In regiletan nan ya gaji, sau da yawa ba ɗaukewa wutar ke yi ba, hawa take yi. Aisin memorin da ke ciki, mai lamba 4164, iyakar abin da aka yarje masa a takardar masu ƙera shi bolt 5.5 ne. Da zarar an zarce haka an shiga cin ransa, kuma ba ya yin ƙara ko hayaƙi balle ka farga.

Ga yadda ya kamata ka yi tun ranar da ka kwance kwalin. Ba a jona akwatin da kwamfuta tukuna. Filoginsa zagayayye ne, sai ka nemi zanensa ka tabbatar wace ƙafa ce ta bolt 5, wace ce ta ƙasa, waɗanne biyu ne na bolt 9. Ka lura ƙafafun a matse suke, tsinken mita in ya zame ya haɗa biyu sai dai ka ji ƙauri. Sannan awon akwati ba tare da kaya a kansa ba, rabin gaskiya yake faɗi. Samo rezisto mai om 5 da wat 10, irin farin nan mai kusurwa huɗu, ka ɗaura shi tsakanin bolt 5 da ƙasa. Bolt 5 a kan om 5 amfiya 1 ke nan, kusa da abin da kwamfutar ke ja. Ɗora shi a kan bulo ko tayil, don zai yi zafin da ba ka iya riƙewa. Auna da farko ka rubuta. Bayan rabin sa'a ka sake aunawa, bayan sa'a guda ka ƙara. Da yawa cikin akwatunan nan lafiya suke nunawa muddin jikinsu na da sanyi, sai sun ɗumama halinsu ke fitowa, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru a yammacin nan da ka bar ta a kunne ke nan. Ni dai in mita ta wuce 5.2 na daina yarda da akwati.

Ko da ya ci jarrabawar ma, shawarata ka ajiye shi a kanta don tarihi. Wanda ya nuna 5.1 yau ba wanda zai lamunce maka gobensa. Akwai sababbin akwatuna da ake ƙerawa musamman don wannan kwamfuta, kai kanka ma za ka iya haɗa naka: adafta mai kyau ta bolt 5 da ke iya ba da amfiya 2 ko fiye, da taransifoma ta bolt 9 mai amfiya 1. Sai dai ka riƙe wannan, bolt 9 ɗin dole AC ne. Kada wani ya ce maka ai DC ma wuta ce. Da kaɗawar AC ɗin ake ninka wutar har ta isa a fitar da bolt 12, da ita kuma agogon da ke cikin aisin da ake ce wa CIA yake ƙirga lokaci. Akwai kuma ɗan ƙaramin abin tsaro da ake sawa tsakanin akwati da kwamfuta, da wuta ta haura ya katse ta. Kuɗinsa bai kai na memorin da ka ƙona sau biyu ba.

Ka rubuto cewa jar fitilar gefen kibod tana kamawa, don haka wuta lafiya. Wannan fitila a kan layin bolt 5 take, kuma za ta kama ko wutar ta yi ƙasa ko ta yi sama. Ba ta san komai game da bolt 9 ba. Akwai ƙaramin fis na gilashi a kan fanel, kusa da inda wuta ke shiga, na layin bolt 9 ne. In ya tsinke, tsohon fanel sai ya ba ka baƙin allo alhali fitila na ci, kai kuma ka tafi kana zare memorin da bai ci ba bai sha ba. Ka duba shi? Aikin daƙiƙa goma ne da mita.

Sai bayan wuta ta tabbata ake juyowa kan memori, shi ma kuma da tsari. Aisi takwas ne a fanel ɗinka, kuma ba rabon unguwanni suka yi ba, a ce wannan na riƙe da farko wancan na riƙe da ƙarshe. Kowane harafi da kwamfutar ta adana yana da ɗigo takwas, kowane aisi na riƙe da ɗigo ɗaya na kowane harafi. Shi ya sa guda ɗaya in ya lalace sai komai ya dagule, kuma shi ya sa zare huɗu da ka bai da ma'ana. Kunna ta na ɗan lokaci ka bi su da bayan yatsa. Mai lafiya ɗumi kawai yake yi. Wanda ya haɗe a ciki zai sa ka janye hannu ba shiri. In duk ba mai zafi, akwai katirij na gwaji da kamfanin ya yi wa masu gyaransa, ana ce masa Dead Test, wanda ke tashi ko da kwamfutar ta kasa tashi da kanta. In ya tarar da matsala a memori sai ya riƙa walƙa allo da fari, yawan walƙiyar ke nuna maka ɗigon da ya ɓaci, daga nan ka san aisin da za ka nufa. Har yau ana buga irinsa ana sayarwa da araha. Amma shi ma kada ka ɗauki maganarsa kamar yankan wuƙa. Tsakanin ƙwaƙwalwa da memori akwai wasu ƙananan aisi biyu masu lamba 74LS257 da ke miƙa adireshi, akwai kuma PLA, mai raba wa kowa lokacin maganarsa, wanda ya yi ƙaurin suna wajen jawo baƙin allo. Ɗayansu in ya gaza, laifin sai ya faɗa kan memori. In ka canja aisin da katirij ya nuna, walƙiyar ba ta canja ba, tsaya nan, kada ka ci gaba da zarewa.

Yanzu bari in zo kan abin da na gani a hoton bayan fanel, wanda ya fi komai sosa mini rai. Wajen da ka cire aisi na uku, zoben tagulla biyu sun ɗago sun bar ramukansu tsirara, wata siririyar hanya ta naɗe kamar gashi, fanel ɗin ya yi duhu-duhu a wurin, kuma na ga 'yar jar waya da ka yi gada da ita. Wannan aikin iska mai zafi ne, irin na'urar da kuke ɗaga aisin waya da ita. Fanel ɗin waya na yau an yi shi ya jure wannan. Na 1982 gam ɗin da ke riƙe da tagullarsa ya tsufa, kuma ƙafafun aisi ratsa shi suka yi har baya. In ka tabbata aisi ya mutu, ba ka da sauran buƙatarsa: sa ƙaramin almakashin waya ka datse ƙafafunsa goma sha shida daga sama, ka ɗauke gangar jikin, sannan ka bi ƙafafun ɗaya-ɗaya da ƙarfen dalma mai matsakaicin zafi kana zarewa, ka zuƙe ramukan. Ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa kafin ka fara, ta fi saurin narkewa. In ka gama, soket za ka dasa, ba aisi ba, don kada wurin ya sake ganin wuta. Aisin naira kaɗan ake sadaukarwa a ceci fanel, ba a yin akasin haka. Waɗanda ka sayo kuma, ka sani yawancinsu cirowa aka yi daga tsofaffin injuna, wasu har goge bayansu ake yi a sake buga lamba. Da soket, gwada su ba wuya.

Kafin duk waɗannan gwaje-gwaje, ka zare aisin sauti ka ajiye. Lambarsa 6581, ana ce masa SID, galibi a kan soket yake, kuma kwamfutar tana tashi ba tare da shi ba, shiru kawai za ta yi. Wani injiniya mai suna Bob Yannes ya tsara shi, murya uku gare shi, kuma saboda shi har yau akwai masu kiɗa da ke neman wannan kwamfuta. Kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994, masana'antar da ke buga waɗannan aisi ta daɗe da rufewa. Akwai na kwaikwayo da ake yi yanzu, wasu ma suna da kyau, amma na asali adadinsu a duniya raguwa yake yi kullum. Duk wanda ya ƙone a teburinka ya tafi ke nan. Wayar da ake kawo maka shago, in ka lalata aisinta gobe ka sayo wani a kasuwa, hannunka ya saba da wannan sauƙin. A nan babu shi, kuma ina so wannan ya zauna maka a rai duk lokacin da za ka kai hannu kan makunni.

Game da katin ƙarin memori da kake son saye, dakata. Injin da bai tsaya da ƙafarsa ba, ba a ɗora masa kaya. Kamfanin da kansa ya nuna haka: da ya fitar da katin 1764 mai kilobait 256 domin Commodore 64, tare da sabon akwatin wuta mai amfiya 2.5 ya sayar da shi, saboda na asali, mai kusan amfiya 1.5, ba zai ɗauki nauyin ba. Ƙarin memori ƙarin baki ne a kan layin bolt 5. In wutar ta yi ƙasa sai ka ga injin na sandarewa, ko yana tashi yau gobe ya ƙi, ka yi ta zargin kati alhali yunwa ce. Kuma ko komai ya tafi daidai, kada ka sa ran lambar 38911 za ta ƙaru. Ƙwaƙwalwar wannan kwamfuta layin adireshi 16 gare ta, iyakar ganinta gurbi 65,536, ba ta ƙetare nan. Katin rumbu ne a gefe, ana kwasowa daga cikinsa ana mayarwa, kuma sai manhajar da aka rubuta don ta san da shi, irin su GEOS, ke amfana. Mutane da yawa sun mayar da kati mai lafiya suna cewa ya mutu saboda rashin sanin wannan. Yayarta VIC-20 ma tana da nata salon: da ka sa mata katin kilobait 8 ko fiye sai wurin ajiyar allo ya ƙaura, wasan da aka rubuta don injin da ba kati ya ƙi tashi. Ba lalacewa ba ce, tsarin ne haka.

Spectrum kuma, a nan sai na ɗan ja maka kunne da ƙarfi. Ka ce ba ta zo da adaftarta ba, sai ka ɗauki ta wata na'urar intanet da ke shago, tunda ita ma bolt 9 ce kuma bakin ya shiga. Shigar baki ba hujja ba ce, Kabiru. Kusan duk adaftocin yau fositib ne a tsakiyar bakin, negatib a waje. Ta Spectrum akasin haka take, negatib ne a tsakiya. Ɗan zanen nan da ke jikin kowace adafta, mai ɗigo a cikin rabin zobe da alamar tarawa da ta ɗebewa, don wannan aka yi shi. Ka ba ta wuta a juye. Abin da ya saba fara tafiya shi ne regileta 7805 da ke manne da faffaɗan ƙarfen shan zafi, da tiransiston da ke kusa da kwayil. In an yi sa'a abin ya tsaya nan.

Wannan kwamfuta na san ta tun tana sabuwa, lokacin da wasu da suka je karatu Ingila ke dawowa da ita a jaka, in ta yi gardama a kawo wa masu gyaran talabijin irinmu. Kamfanin Clive Sinclair na Kambirij ya fitar da ita a watan Afrilun 1982, mai kilobait 16 a kan fam 125, mai 48 a kan fam 175, kuma don a kai ga wannan farashi an tsuke komai iyakar tsukewa. Memorinta na ƙasa aisi takwas ne masu lamba 4116, su kuwa wuta uku suke ci: bolt 5, bolt 12, da bolt 5 na negatib. Adafta bolt 9 kaɗai take bayarwa, don haka wata 'yar da'ira a ciki, ta kwayil da tiransisto biyu, TR4 da TR5, ita ke ƙirƙiro bolt 12 da bolt 5 na negatib ɗin. Haɗarin yana nan: in na negatib ɗin ya ɓace alhali bolt 12 na nan, aisin 4116 ɗaukar zafi suke yi su mutu. Takardar masu ƙera su ma cewa ta yi shi ake fara bayarwa, shi ake cirewa a ƙarshe. Saboda haka duk mintin da ka bar ta a kunne kana kallon baƙaƙe da fararen sanduna a allo kana tunanin me ke damunta, mai yiwuwa memori ne ke dahuwa. Ka canja regileta, ka gwada tiransiston biyu a waje. Sannan ka shirya tsinken mita kafin ka kunna: ƙafa ta 16 ƙasa ce, ta 9 bolt 5, ta 8 bolt 12, ta 1 bolt 5 na negatib. Kunna, karanta, kashe, cikin daƙiƙu kaɗan. In ɗaya ya ɓata, ba a sake kunnawa sai an gano dalili. Kuma har abada kada ka soka ko ka zare wani abu a faffaɗan bakin da ke bayanta tana kunne. Layukan wuta a nan maƙwabtan layukan ƙwaƙwalwa ne, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya kashe TR4.

In ta tashi, ga yadda za ka san ko memorin sama na aiki. Rubuta PRINT PEEK 23732+256*PEEK 23733. Mai kilobait 48 mai lafiya za ta ba ka 65535. In ta ba ka 32767, to iyakar kilobait 16 take gani, na saman ko babu shi ko ya gaza tun daga farkonsa. Akwai abin da ya kamata ka sani game da shi kafin ka taɓa. Don rage kuɗi, Sinclair ya riƙa sayen aisi masu lamba 4532 ko 3732, waɗanda asalinsu manyan aisi ne da rabinsu ya faɗi gwaji a masana'anta, aka sayar da su a matsayin rabi. A kan fanel akwai 'yan gadoji na waya da ke gaya wa injin wane kamfani ne ya yi aisin, kuma wane rabi ne mai kyau. In ka cakuɗa masu lafiyar sama da masu lafiyar ƙasa, ko gadar ba ta dace da aisin ba, za ka yi ta neman laifin da ba ka gani. Mafita mai sauƙi ita ce cikakken 4164, tunda shi kowane rabi aka zaɓa lafiyayye ne.

Amiga dai na gode wa Allah ba ka kunna ta ba tukuna. Kafin komai, kifa ta, buɗe ƙaramar ƙofar da ke cikinta. In akwai kati a ciki mai rufin ƙarfe, A501 ke nan, mai ƙara kilobait 512 a kan 512 da ta zo da shi a 1987. Zare shi ka buɗe rufin, da dalma aka liƙe shi. A ciki akwai batir ɗan dunƙule mai riƙe agogo, kuma bayan waɗannan shekaru da wuya ka same shi bai yi yoyo ba. Za ka ga wani gari fari ko kore-kore a ƙafafunsa, yana bin hanyoyin tagulla yana cinye su, wani lokaci har ya gangara ta bakin katin ya shiga babban fanel. Datse batirin ka yar. Ruwansa ɗan gidan kanwa ne, don haka da ɗan ruwan khal da tsohon buroshin haƙori ake kashe kaifinsa, sannan a wanke da sifirit a bari ya bushe sarai, a bi hanyoyin da mita ɗaya-ɗaya. Auna akwatin wutarta, wuta uku yake bayarwa: bolt 5, bolt 12, da bolt 12 na negatib. Fara kunna ta ba kati. In hoton hannu mai riƙe da faifai ya fito a allo, sai ka kashe ka mayar da kati. Abin da ya biyo baya ka san daga ina yake. In allo ya tsaya kore, tana gaya maka ta kasa karanta memorinta na ciki, amma kafin ka zargi aisin memori danna babban aisi mai kusurwa huɗu da ake kira Agnus, soket ɗinsa kan saki da tsufa. Ja kuwa alamar matsalar ROM ce. Akwatunan Amiga wasu masu nauyi ne, wasu marasa nauyi. Marasa nauyin akwai kafasita a cikinsu da ke riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi, kada ka sa yatsa sai ka sauke ta ka auna. Kuma in wata rana Commodore 128 ta shigo hannunka, filogin wutarta kamar an tsaga kara da na Amiga, amma wutar da ke ƙafafun daban ce. Rubuta suna a jikin kowane akwati.

Sa'arka ɗaya, daga Ingila suka zo, wutarsu da tsarin talabijin ɗinsu irin namu ne. Da daga Amurka ne, inda ake amfani da bolt 120, da akwatunan sun ƙone tun a daren farko. Amma an ƙera su ne don ƙasa mai sanyi da wuta mai natsuwa. Kada ka kunna su da ƙaramin janaretan shago, wanda wutarsa ke hawa da sauka duk lokacin da maƙwabcinka ya kunna wani abu; ka bi ta sitabilaiza mai kyau. A zafin bazara, lokacin da ɗaki ke neman digiri 40, ka sa musu fanka, kada ka bar akwatin wuta a kan kafet. Da hunturu kuma, lokacin da kake taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka, wannan tartsatsin da kai ba ka damu da shi ba ya isa ya huda aisin wancan zamani. Ɗaura abin hannun nan mai waya zuwa ƙasa, ko aƙalla ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki aisi, kuma ka riƙe shi ta gefe, ba ta ƙafafu ba.

Na san abin da ya ja ka. A shago mai waya na tsaye a kanka, yana son kayansa kafin magariba, ka saba canja abu uku a lokaci guda, in ta tashi ba ruwanka da wanne ne ya gyara ta. Waɗannan ba mai jiran su. Sayi littafi na musamman, kowace kwamfuta da shafinta. Rubuta abin da mita ta nuna da ranar da ta nuna, canja abu ɗaya, kunna, rubuta abin da ya sauya. Da ka yi haka tun farko, da yanzu ba hasashe nake yi maka daga hoto ba, da lambobi muke magana. Hannunka yana da kyau, na ga aikinka a kan abubuwan da suka fi waɗannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma fanel ɗin Commodore bai wuce gyara ba. Hanyoyin da suka ɗago ana iya ɗinke su da siririyar waya in aka bi zane.

Ranar Asabar bayan azahar ina gida. Ka taho da su ukun, da akwatunan wutarsu a jaka daban, da mitarka, da reziston da na faɗa maka, da soket takwas masu ƙafa 16. Kafin nan kada ka jona ko ɗaya da wuta, kuma kuɗin katin nan ka riƙe abinka tukuna. Ka gai da mahaifiyarka da kyau.